Son Aikin Likitan Haƙori da Ƙin Darussan Kimiyya: Shawara ga Ɗalibanmu

Kowace shekara idan lokacin cika fom ɗin JAMB ya matso, akwai wata tambaya da mukan sha ji daga 'yan ajin ƙarshe. Wasu tsofaffin ɗalibanmu ma da suka riga suka shiga jami'a sukan dawo da ita lokacin hutu. Tambayar ita ce: "Malam, ina so in zama likitan haƙori, amma Kemistiri da Fiziks suna sa ni ciwon kai. Zan iya kuwa?"

Tambayar tana da nauyi, gama abin da ke bayanta shi ne shekara shida na rayuwar matashi, da kuɗin gero da gyaɗa da riɗi da iyaye za su sayar, wani lokaci har da shanun huɗa. Saboda haka muka ga ya dace mu amsa ta a rubuce. Amsarmu a taƙaice ita ce, babu wata hanyar ratse da za ta kai mutum ga wannan aiki ba tare da ya bi ta cikin kimiyya ba. Amma ƙin kimiyya iri-iri ne, akwai mai magani, akwai marar magani. Wajibi ne ɗalibi ya san irin nasa kafin ya sa hannu a takarda.

Bukatar da ke yankinmu

Bari mu fara da cewa sha'awar nan abin yabo ce. Yaro yana da haƙoran nono 20, babba kuma 32, kowannensu yana iya hana mutum barci. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori. Mu da ke Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ba sai an kawo mana rahoto ba. Mun san yadda mai ciwon haƙori yake cusa kanumfari a kogon, ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya ɗaure kumatu da ƙyalle, har sai fuska ta kumbura kafin a nemi mota. Idan abin ya yi tsanani, sau da yawa sai an dangana da Kano.

Akwai kuma wata cuta da ta fi wannan muni, wadda likitoci ke kira noma. Sunan ya fito ne daga harshen Helenanci, ba shi da dangantaka da noman gona. Tana kama yara ƙanana, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda rashin abinci mai gina jiki ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana. Takan fara da ɗan gyambo a dasashi, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe, har da ƙashi. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 na yaran sukan mutu. In kuwa an gane ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai kyau sukan tsayar da ita. An buɗe asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato a 1999, a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. Ashe kuwa wanda ya iya duba bakin yaro ya gane abin da yake gani, rai yake ceta.

Hanyar da ake bi

A Nijeriya an fara koyar da wannan aiki a matakin digiri a Jami'ar Legas a 1966. Daga baya Ibadan, Ife da Benin suka biyo. A nan Arewa akwai tsangayar koyon aikin a Jami'ar Maiduguri, da kuma Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ita ce mafi kusa da mu. Ɗalibanta suna samun horo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kafin a ɗauki mutum, sai yana da kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A jarrabawar JAMB zai rubuta Turanci da waɗannan darussan kimiyya uku, kuma makin da ake nema yana cikin mafi tsada, domin gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa.

Karatun shekara shida ne. Shekarar farko kusan dukanta Fiziks ce da Kemistiri da Bayoloji da Lissafi, wato abin da aka baro a sakandare, an ƙara masa zurfi da sauri. Daga nan ɗalibi zai zauna aji ɗaya da masu koyon likitanci, ya koyi tsarin jikin mutum ta wurin feɗe gawa, ya koyi yadda gaɓoɓi ke aiki, da sinadaran da ke gudana cikin jiki. Bayan wannan sai ilimin cututtuka, da ƙwayoyin cuta, da magunguna. Sa'an nan ne zai fara gwada hannunsa a kan kan mutum-mutumi mai haƙoran roba, kafin a bar shi ya taɓa bakin mai rai a shekarun ƙarshe. Tsakanin kowane mataki akwai babbar jarrabawa. Wanda ya faɗi yakan sake, ko ya maimaita aji, in abin ya ci tura a sallame shi daga tsangayar. Bayan digiri akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, sa'an nan bautar ƙasa.

Ku lura da wannan: fiye da rabin karatun yakan wuce kafin ɗalibi ya riƙe abin cire haƙori. Wanda ya shiga da tunanin zai ɗan daure wa kimiyya na wata shida ya wuce wurin, bai karanta taswirar hanyar da kyau ba.

Kimiyyar da ke cikin baki

Wasu suna zaton jami'a ta ɗora waɗannan darussa ne don ta rage yawan masu nema. Bari mu duba aikin kansa mu gani.

Mu ɗauki kogon haƙori. Mutanenmu sukan ce tsutsa ce ke cin haƙori, kuma mutanen ƙasashe da yawa sun daɗe da wannan zato. A 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke mai aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana cewa ƙwayoyin halitta da ke zaune a baki su ne ke cin sukarin da muka sha, su fitar da ruwa mai tsami, shi kuwa ya narkar da haƙori. Farin ɓawon haƙori ya fi kome tauri a jikin mutum, ya fi ƙashi, duk da haka yakan fara narkewa idan ma'aunin pH ya sauka ƙasa da kimanin 5.5. Wannan ma'auni shi ne wanda kuke gwadawa da takardar litimos a aji huɗu. Duk lokacin da aka sha zaƙi, bakin yakan yi tsami na wajen rabin awa kafin yawu ya daidaita shi. Shi ya sa yaron da ke tsotsar alewa ko mazarƙwaila ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa yamma ya fi shiga hatsari bisa wanda ya sha nasa gaba ɗaya bayan cin tuwo. Sinadarin fuloraid da ke cikin man goge baki yana shiga ɓawon ya ƙara masa juriya ga tsami. Kanumfarin nan ma da kakanninmu ke sawa yana da wani mai da ke kwantar da zafi, likitocin haƙori kuma suna haɗa wannan mai da wani farin gari su yi ciko na wucin gadi. Duk wannan Kemistiri ne.

Mu ɗauki cire haƙori. Likita yana amfani da ƙarfe mai aiki kamar sandar da ake ɓanɓare dutse da ita a gona. In bai san inda zai jingina shi da yawan ƙarfin da zai sa ba, sai ya karya saiwar ko ya tsaga muƙamuƙi. Hoton da yake ɗauka don ya ga saiwar da ke ɓoye ya samo asali daga hasken da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, hasken nan kuwa yana da illa in aka yi wasa da shi. Kayan aikinsa sai an dafa su a tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, gama tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, wasu ƙwayoyin cuta kuwa suna jure wannan. Wanda ya yi sakaci a nan zai iya ɗauko ciwon hanta daga bakin wani ya kai bakin wani. Wannan Fiziks ne da Bayoloji.

Mu ɗauki allurar kashe zafi. 'Yar kwalbar da aka saba amfani da ita tana ɗauke da mililita 1.8, a ciki akwai miligiram 36 na magani. Likita zai auna nauyin yaro ya lissafa kwalba nawa jikinsa zai ɗauka, domin abin da ya dace da ƙato ɗan kilo 70 zai iya jefa yaro ɗan kilo 15 cikin farfaɗiya. Dole kuma ya tambaya ko majiyyacin yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, ko mace ce mai juna biyu, ko jininsa ba ya saurin tsayawa. Kumburin da ya taso daga haƙorin ƙasa yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe ya toshe numfashi. Baki ba a rabe yake da sauran jiki ba.

Yana da kyau ku sani cewa likitocin haƙori ne suka buɗe wa duniya ƙofar yin fiɗa ba tare da azaba ba. A Amurka, Horace Wells ya gwada wata iska mai gusar da zafi a 1844, William Morton kuma ya nuna amfanin sinadarin ita a gaban likitoci a birnin Boston a 1846. Dukansu biyu masu aikin haƙori ne da suka sa ido ga abin da masana sinadarai ke yi.

Ƙin kimiyya iri uku

Na farko shi ne wanda bai taɓa ganin kimiyya ba, sunanta kawai ya ji. An rubuta masa a allo, ya kwafa, ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya manta. Dukan bayanin da Turanci aka yi shi, shi kuwa a lokacin Turancin ma bai zauna masa ba. Irin wannan ɗalibi hadda ce ta gundure shi. Sau da yawa idan ya ga abu da idonsa, ko aka fassara masa shi da Hausa, sai ka ga ya farka. Tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta ba su ɗakunan gwaji da malamai, aka kuwa sami likitoci da injiniyoyi da yawa daga 'ya'yan talakawa na karkara. Wannan ya nuna cewa matsalar ba daga kan yaranmu take ba.

Na biyu shi ne wanda ke jin tsoro. Ya faɗi Lissafi sau ɗaya a ƙaramar sakandare, aka yi masa dariya, tun daga ranar duk inda ya ga lamba sai gabansa ya faɗi. Tushen gininsa ne ke da rami. Wanda bai iya rabawa da ɓangaren lamba ba, ba zai ji daɗin Kemistiri ba ko da mala'ika ne ke koyar da shi. Maganin wannan shi ne ya ƙasƙantar da kansa ya koma littattafan baya, ya nemi malami ko aboki ya cike ramin.

Na uku shi ne wanda ya gane darasin sarai, yana ma iya cin jarrabawa, amma zuciyarsa ba ta wurin. Bai damu ya san dalilin da ya sa jini ke daskarewa ba. Idan aka ba shi Tarihi ko Adabi ko ilimin Tattalin Arziki sai ya manta da abinci. Wannan ba malalaci ba ne, baiwarsa ce take wani wuri. Shi ne muke ja wa kunne, domin likita ba ya gama karatun kimiyya ranar da ya karɓi digiri. Magunguna suna canzawa, kayan ciko suna canzawa, hukuma kuma tana bukatar ya ci gaba da ƙaro ilimi kafin ta sabunta masa lasisi.

Yadda za ka gwada kanka

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga abubuwa huɗu da ba su bukatar kuɗi mai yawa.

Da fari, ka sami ƙwai ka nutsar da shi cikin ruwan lemun tsami na kwana biyu, ka duba abin da ya sami ɓawon. Ɓawon ƙwai da na haƙori ba sinadari ɗaya ba ne sak, amma dukansu suna da kalsiyam, tsami kuma yana cin su. Sa'an nan ka lura da zuciyarka. In ka ji kana so ka san dalili, har ka buɗe littafi da kanka, to, akwai wuta a ƙarƙashin tokar.

Na biyu, ka zaɓi darasin da ka fi ƙi, ka ba shi awa ɗaya kowace rana har zango guda, kana warware tambayoyi da hannunka, kana tambayar malami duk abin da ya shige maka duhu. A ƙarshen zangon ka duba makinka, ka kuma duba ko ƙiyayyar ta ragu.

Na uku, lokacin hutu ka nemi izini ta hannun makaranta ka yi 'yan kwanaki a sashen haƙori na wani asibiti. Zuwa da kai ya fi saƙo. Za ka ga jini da yawu, ka shaƙi warin ruɓaɓɓen haƙori, ka ji kukan yara, ka ga likita a sunkuye tun safe har azahar. Wasu sukan fito da ƙarin ƙarfin gwiwa, wasu kuwa ba sa komawa rana ta biyu.

Na huɗu, ka gwada hannunka. Ka ɗauki sabulu da ƙaramar wuƙa ka sassaƙa siffar turmin haƙori, gama ɗaliban haƙori suna yin irin wannan da kakin zuma. Ka kuma gwada bin layin zane da fensir kana kallon madubi kaɗai, domin haka likita yake aiki a haƙoran sama. Mai iya ɗinki, ko saƙa, ko gyaran rediyo da waya, yana da rabin abin da ake nema, saura rabin kuwa yana cikin littafi.

Bayan waɗannan, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah abin da ke jan ka. In sunan "Dokta" ne da farar riga, ko don ɗan maƙwabci ya yi, wannan ba zai riƙe ka a daren jarrabawar tsarin jiki ba.

Ga waɗanda suka riga suka shiga jami'a

In kana shekarar farko kuma darussan sun yi maka nauyi, kada ka yi shiru har sakamako ya fito. Ka je wurin malamin da aka sa ya kula da ajinku, ka shiga ƙungiyar masu karatu tare, ka yi magana da na gaba da kai. Wahala a shekarar farko ba baƙon abu ba ne, har ga waɗanda suka zama ƙwararru daga baya. Amma in ka yi iyakar ƙoƙarinka shekara guda, ka tabbata kai na uku ne a cikin waɗanda muka lissafa, gara ka nemi canjin kwas da kanka tun makinka yana da daraja, da a sallame ka a shekara ta huɗu. Wanda kuma yake karanta wani fannin kimiyya da niyyar ya tsallaka zuwa haƙori bayan digiri, ya sani wasu jami'o'i suna karɓa, amma sai da sakamako mai kyau ƙwarai a cikin darussan nan da yake gudu.

Waɗansu ƙofofi

Likita ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai jami'in kula da lafiyar baki, mai wanke haƙora da koyar da tsabta. Akwai mai ƙera haƙoran roba da sauran kayan gyaran baki, wanda yawancin aikinsa na hannu ne. Akwai mataimakin likita a ɗakin aiki. Makarantar Gwamnatin Tarayya da ke Enugu ta daɗe tana horar da irin waɗannan ma'aikata, haka ma kwalejojin lafiya na jihohi da dama. Jiharmu tana da kwalejin lafiya a Jahun, sai a bincika kwasa-kwasan da take bayarwa a shekarar da za a nema. Amma mu faɗi gaskiya, waɗannan ma suna neman kiredit a darussan kimiyya. Sun dace da na farko da na biyu, waɗanda suka fi son aiki da hannu bisa dogon karatu.

Shi kuwa na uku, asibiti yana bukatar akawu, da mai kula da ma'aikata, da lauya. Yaƙi da cutar noma yana bukatar malamin firamare da zai koya wa yara amfani da asuwaki da buroshi, da ɗan jarida da zai yi bayani a rediyo da Hausa da Fulatanci, da shugabar zumuntar mata da za ta ce wa uwa ta kai ɗanta asibiti yau, kada ta jira gobe. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, da Jami'ar Tarayya a Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Ƙofofin ilimi sun fi na zamanin iyayenku yawa nesa ba kusa ba.

Kalma ga iyaye da ikkilisiya

Mishan ta SIM ta kafa makarantar yara maza a Roni tun zamanin mulkin Turawa, ta kuma buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda yake aiki har yau a hannun ECWA. Tun farko koyarwa da warkarwa tare suke tafiya a cikin hidimarmu, don haka muna marmarin ganin 'ya'yanmu sun zama likitoci. Luka, wanda ya rubuta Bishara ta uku, likita ne. Amma misalin talanti da ke cikin Matiyu sura 25 yana koya mana cewa ba a ba bayin nan daidai wa daida ba, kuma an tambayi kowa a kan abin da aka danƙa masa ne. Muna roƙon iyaye kada su tilasta wa yaro kwas don a kira su baban likita ko maman likita. Ku zo makaranta ku zauna da malamansa, ku dubi sakamakonsa na shekara uku, ku saurare shi, ku yi addu'a tare. Yaron da yake da baiwar amma tsoro ya kama shi, ku ƙarfafa shi, ikkilisiya kuma ta taimaka da kuɗin littattafai da na jarrabawa in da hali. Musamman 'yan mata, kada a ce musu kimiyya ta maza ce, gama mata da yawa a karkararmu sun fi sakin jiki su buɗe baki a gaban 'yar'uwarsu mace.

Ofishin ba da shawara na makaranta a buɗe yake ga kowane ɗalibi, na yanzu da tsoho. Ubangiji ya bi da ku cikin zaɓinku, ya albarkaci aikin hannuwanku. Amin.